Garin Shinkafa a Sharafiyya

Jidda ba ta gama miƙa ba, asuba ce,
Arumugam ya ɗaga murfin ƙullunsa
ya sunsuna, kamar mai duba lafiyar jinjiri.
Ni ke kawo masa tukunyar gas a kafaɗa,
shekara tara, bai taɓa bari na fita da yunwa ba.

Ya zuba ƙullu a baƙin ƙarfe, ya murza da gindin ludayi,
abu ya fito siriri, gefensa na ƙaras-ƙaras.
Ya ce dosa. Na ce sinasir ne ya sha azumi.
Farin nan da tururi ya dafa, ya ce idli,
na ce waina ce da ba ta ga mai ba.
Miyar kuwa, tsamiya, kabewa, 'ya'yan zogale.
Na ajiye cokali na dube shi:
wa ya kai muku tukunyar kakata Tabawa?

In ciniki ya lafa bayan La'asar
yakan sheƙa gahawa daga kofi zuwa kwano,
kamu guda tsakaninsu, ko ɗigo ba ya zuba,
sannan ya buɗe mini Mailabur.
Garin ɗawisu, in ji shi, ma'anar sunan ke nan,
unguwar da ta girmi birnin da ya haɗiye ta.
Hasumiyar gidan bautarsu hawa-hawa,
kowane hawa cike da siffofi masu launi,
ga tafki mai matakala ta kowane gefe,
masu furanni na kitsa su a zare, suna awo da kamu.
Kafin rana ta fito mata sun share ƙofar gida
sun zana ta da garin shinkafa,
wai don tururuwa ma ta karya kumallo.
Shekara-shekara a jawo keken katako mai tsayin bene
da igiya kaurin cinya.
Kakansa ya ja, babansa ya ja,
shi ga shi nan yana jan ludayi.

Addinina ba nasa ba ne. Ya sani, na sani.
In an kira salla sai ya rage wuta,
ya rufe kwanona da faranti har na dawo.

Ranar nan ya ce: Shu'aibu, kai fa, ina taka unguwar?

Na ce Sabil.
Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙafa,
ya tsinci auduga a Jazira damina bakwai,
ya haye Bahar Maliya daga Sawakin,
ya yi Arfa, bai koma ba.
A lungun nan aka yanke mini cibiya,
tsakanin mai tsire da tsohuwa mai turaren wuta.
Wata safiya muka ga jan fenti a bango.
Kafin wata ya mutu, katafila ta yi aikinta.

Taka tana bayan teku, sai da biza da kuɗin jirgi,
amma in ka je, ƙofar na nan, uwarka na zana ta.
Tawa tafiyar shan shayi ce daga nan,
sai dai ba inda za ka yi sallama.

Bai ce komai ba.
Ya ɗebo garin shinkafa ya barbaɗa a tebur,
ya ce: zana mini.

Na sa yatsa. Ga masallaci, ga famfo,
ga kwanar da mai tsire ke hura gawayi,
ga gidan Ladidi mai kitso, ga namu, ƙofarsa shuɗiya,
ko da yake gari ba ya nuna shuɗi.
Yaron shago ya zo da tsumma,
Arumugam ya riƙe masa hannu.

Washegari da na kawo gas
na tarar da tururuwa a jere,
suna bin lungunmu ɗaya bayan ɗaya,
kowace ɗauke da ɗan abin da ta samu.