Lamba Uku

Barira ta ce: ka shiga Katako,
ka wuce masu tsoffin tayu, ka wuce masu ƙofofi,
sai inda hayaƙi ke warin gwangwani.
Ka tambayi Illa mai zubi.
Kar ka sa babbar riga, zai ƙara maka kuɗi.

Shekara talatin da ɗaya ina cin tuwonta
ban san tukunya tana da lamba ba.
Na san lambar taya,
na san kowane rami daga Doso zuwa Ƙonni,
amma abin da ke bisa murhu
tukunya nake ce masa, shi ke nan.

Ta ce: ƙwanƙwasa gindinta da zobenka.
In ta amsa a daƙile, ajiye ta, tsaga gare ta.
In muryar ta ja har ta biyo ka kunne, riƙe.
Ɗaga ta ga rana, sa fuskarka ciki,
ko tauraro ɗaya ka gani, ba tamu ba ce.
Murfi ya zauna, ban son mai rawa.
Kaskon kanti mai baƙin ciki kuwa, bar musu,
wata biyu yake saɓa kamar maciji,
ka ci fenti a cikin ƙwai.

Na tarar da Illa yana tattake ƙasar zubi da dunduniya,
yaro na juya ƙafar keke, wuta na huci.
A cikin tarin da za a narka
na ga fistan, irin na motar da na tuƙa
har gashina ya yi fari.
Na ɗauka, na shafa, na mayar.
Illa ya ce ƙarfen inji shi ke riƙe zafi,
gwangwani sai murfi.

Na tura hannun dama cikin aljihu.
Da hagu na ɗaga lamba biyar,
wuyan hannuna ya ce a'a.
Na ɗaga lamba uku. Na ce a zuba mini ruwa,
tukunya in babu komai cikinta ƙarya take yi.
Aka zuba. Na yi taku bakwai da ita,
daidai nisan murhunmu da tabarma.
Ruwan ya yi tangaɗi, bai zuba ba.

Illa ya dubi aljihuna, ya dubi tukunyar,
bai tambaye ni komai ba.
Ya dai jawo magagari
ya goge kunnen hagu har ya yi santsi,
ya ce, tun yaushe?
Na ce tun bayan Layya hannun ya kwanta,
bai tashi ba tukuna.

Jikka huɗu ya ce. Ban iya ciniki ba, na ba shi.
Ya ɗora mini ludayi gyara.

A Talaje na same ta a bakin ƙofa.
Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da cokali,
ta saurara kamar yadda nake sauraron inji da asuba.
Ta ce, nawa?
Na ce jikka uku.
Ta ce, sun cuce ka.

Sannan ta kama kunnen mai santsi,
ta ce, ba ka ga kunne biyu gare ta ba?
Kama ɗayan.