Zango Biyu

Daren da aka ɗauke batirin sola a zaurena
ko kare bai yi haushi ba a Tudun Wada.
Da safe sai sawun silifa, da waya a tsinke.
Na ce to, ido ya gaza, a sayo masa ƙani.

Jazuli ya zo daga Sabon Gari, tsani a kafaɗa,
kyamara uku a kwali, da na'urar waifai mai ƙaho biyu.
Ya ɗora ta kan firji, ya ce, "Baba, wane zango?
Biyu da ɗigo huɗu, ko biyar?"

Zango!
Rabona da kalmar tun rediyon mahaifina,
da yake murɗawa bayan isha,
kunne a manne, yana laluben murya cikin shuuu.
Ashe ba ta mutu ba, gida ta sake.

Ya ce biyar ɗan gaggawa ne,
hoto garau, har ƙudan kan tabarma ka ƙirga,
amma bango ɗaya ya gajiyar da shi,
a na biyu sai ya zauna yana haki.
Ɗayan kuwa ba ya sauri, ba ya fasawa,
ya ratsa ɗaki, ya ratsa rumfa, ya kai ƙofar gida.
Sai dai hanyarsa Kwangila ce da yamma:
waifan maƙwabta, wayoyin 'yan haya,
kowa da kayansa, kowa na danna oda.

Na dafa bangon.
Kakana ya ɗora shi da tubali, kamu uku kaurinsa,
don ya tare ɓarawo da ruwan Agusta.
Ɓarawo ya haura.
Abin da ba a gani shi ya tare.

Muka raba: ta zaure ta hau biyar,
ta ƙofa da ta lungun baya suka bi doguwar hanya.
Zulai ta ce ko kusa da madafinta kar a kafa,
ba ta ɗauki mai gadi a kan tukunya ba.

Sati biyu ina kwana da waya a ƙirji.
Na ga akuyar gidan Ɗanladi tana cin fosta,
na ga mai shayi yana kife benci.
In ana ƙwallo, layin duka ya hau zangon,
hoton ya tsaya cak, mai babur ya daskare a iska.

Ran Alhamis, kafin kiran assalatu,
wata inuwa ta duƙa a bakin ƙofata,
dishi-dishi, tana motsi tana tsayawa.
Na lalubo gora. Zuciyata na dukan haƙarƙari.
Sai hoton ya washe.

Malam Tanimu ne, da tsintsiya.
Shekara biyu ba ma gaisawa
tun rigimar kwatar da ta bi ta gindin katangarsa.
Ya share ƙofarsa, ya zarce ya share tawa,
ya kwashe, ya tafi alwala.
Ni da nake sa wa yara albarka kowace safiya!

Ɓarawo dai bai dawo ba.
Na so in tambayi Jazuli
ko akwai zangon da ke ratsa irin wannan bango,
sai kunya ta kama ni, na biya shi cikon kuɗinsa.

Tsintsiyata na nan bayan ƙyaure.
Na gyara mata ɗauri tun jiya.