Man da Ke Jin Kira

Ranar Laraba, bayan azahar,
Mutari mai fata ya kawo mini doguwar mota,
'yar Kwatano, baƙa wuluk, bayanta na rawa.
Ya ce tun daga Mirya take tsalle da shi
kamar an ɗaura sirdi a bayan ɗan akuya.

Na shiga ƙarƙashi.
Shekara ashirin da uku ina kwanciya
a inuwar cikin motocin Damagaram,
ban taɓa ganin amotisa mai wutsiyar waya ba.
Ta ƙafar baya, hannun dama, tana hawaye,
ba mai ruwan zuma irin wanda na sani ba,
toka-toka, da nauyi, kamar an dama kwalli.

Na tara shi a gwangwanin tumatir.
Kyari, yarona mai shegen tambaya,
ya ɓalle mayen ƙarfe daga matacciyar rediyo
ya kanga a gindin gwangwanin.
Kunu ya zama tuwo a gaban idona.
Na soka tsinke, ya tsaya da ƙafarsa.
Kyari ya janye hannu,
tuwo ya koma kunu, tsinke ya faɗi.

Na ce a'uzubillahi.
Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, maigida, garin ƙarfe ne a cikin man,
ya fi garin gero laushi.
Cikin bututun akwai fistan mai 'yan ƙofofi,
an naɗe masa ƙirji da jar waya.
Kowace ƙafa tana da ɗan rahotonta,
yana gaya wa ƙwaƙwalwar mota:
ga rami, ga tudu, ga kwana ta taso,
ga direba ya taka birki.
Kafin ka ƙifta ido sun yi zancen sau ɗari.

Sai ƙwaƙwalwa ta saki wuta a wayar,
waya ta zama mayen ƙarfe,
garin nan da ke yawo barkatai
ya ji kira, ya ja sahu,
kafaɗa da kafaɗa a bakin ƙofofin.
Mai ya zo wucewa ya tarar da jama'a,
dole ya bi a hankali.
Mota ta dake.
A ɗauke wutar, sahu ya watse,
kowa ya kama gabansa, mai ya wuce salin-alin,
ƙafa ta hau kunyar hanya ta sauka,
shayin da ke hannunka bai sani ba.

Na zauna a kan tsohuwar taya
ina jujjuya gwangwanin.
Na tuna Malam Harisu da ya koya mini aiki,
Allah ya jiƙansa,
mutum kamar duwatsun Birni:
taurinsa da safe shi ne taurinsa da dare,
ko ranar da na binne mahaifiyata
sai da ya tambaye ni ina lamba sha bakwai.
Ni ma da hannunsa nake riƙe yarana.
Jiya na mari Kyari a kan ƙusa ɗaya.

Ga mai a gwangwani, ba rai, ba karatu,
ya san inda ake tauri
ya san inda ake sakin jiki,
kuma ba ya riƙe taurin
bayan ramin ya wuce.

Mutari ya dawo da la'asar sakaliya.
Na gaya masa kuɗin sabuwa, in an samu a Kano.
Ya cire hula ya sosa ƙeya,
ya ce fata nawa ke nan?
Muka sa masa irin tamu, guda biyu, marasa waya.
Wata fitila ta kama a gaban sitiyari,
ƙwaƙwalwa na kiran ƙafafun da ba su amsawa.
Ya liƙe ta da baƙin salatif ya tafi.

Gwangwanin na nan a kan kanta,
kusa da butar alwala.
In garaji ya yi shiru
nakan ɗauko mayen ƙarfen in kanga,
in janye,
in kanga.

Yau Kyari ya ƙara ɓatar da ƙusa.
Na ji hannuna ya ja sahu.
Na tsaya ina jira a ɗauke wutar.