Mai Gadin Rumbu

Na miƙe daga kunya ta sha tara,
cinyoyina na raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono.
Tabawa, 'yata mai karatu a Dutse,
ta dire ƙwaryar kindirmo a gindin gawo.

"Baba, tsamin nonon nan,
irinsa namanka ke tatsowa in noma ya yi zafi.
A ƙofar ƙwayar kitse akwai ɗan mai gadi,
ba ido, ba kunne, sai harshe.
Tsami na taɓa shi zai ce: a rufe rumbu tukuna."

Wa ya ɗauke shi aikin?
"Rubutu ne a jini. Gun iyaye ka gaje shi."

Na kurɓa.
Marigayi bai bar mini ko akuya ba,
shekara talatin ina ƙorafi.
Ashe da yaronsa a jikina.

Saura kunya shida.