Bin Sawun Ruwa

A Delft, ƙarfe biyun dare,
Jitske ta yanka teku gunduwa-gunduwa,
gutsure dubu ɗari huɗu,
ta miƙa wa na'ura ta ɗinke.

Amsa ta fito kafin shayi ya huce:
in guguwa ta taso,
ruwa zai kai gwiwa a ƙofar Wiebe,
tsohon da ke kiwon shanu ƙasa da teku.

Ba wannan ta tambaya ba.
Gangara take nema:
in an ɗaga wancan bango da kaurin yatsa,
in an yashe wannan kwata kamu ɗaya,
nawa ruwan zai sauka?

Taɓa su ɗaya-ɗaya?
Furfura za ta riga amsa zuwa.

Sai ta juya lissafin,
ta tashi daga ƙofar tsoho
tana bin sawun ruwa da baya,
daƙiƙa na biyan daƙiƙa bashi,
har bakin teku. Tafiya ɗaya tak.

Lambobin farko sun haukace.
A lungun da ragar ta cukurkuɗe
kuskure ɗan mitsitsi ya kumbura ya yi tulu;
abin da amsa ta yafe, gangara ba ta yafewa.
Ta warware lungun, ta sake saƙa.

Da asuba ta gwada bango ɗaya da hannu.
Lamba huɗu sun dace. Ta biyar ta ƙi.
Ta ƙyale ta.

Ashe ba babban bangon ba ne.
Wata 'yar kwata ce bayan coci,
agwagi kaɗai suka san da zamanta.

Ta hau keke.
Wiebe na tatsa, bai ɗago ba.
Ya ce, "Kakata ma haka ta faɗa."