Goro a Gaban Kyamara

Shekara talatin da ɗaya ina ciniki a Agege,
bakin layin dogo, rumfa ta uku daga famfo.
Na sayar da ɗaushe ranar da kowa ke neman sabo,
ba a taɓa cewa bakina ya yi nauyi ba.

Sai ga Hindatu, autata, da waya biyu a hannu.
Ta ce, Baba, kasuwa ta tashi ta koma cikin gilashi,
masu biki a Ikeja can suke taya goro yanzu.
Ta jingina ɗaya a jikin huhu,
ta ce in yi magana.

Na dubi ɗan baƙin idon nan, bai fi ƙwayar dawa ba.
Ba ya ƙiftawa, ba ya tayi, ba ya cewa a rage.
Na ce salamu alaikum.
Na sake cewa salamu alaikum.
Sauran zancen ya bi jirgin yamma ya wuce Ibadan.

Washegari ta zo da dabara.
Ta zuba zancen a ɗaya wayar,
ta ɗaure ta ƙarƙashin idon da robar ɗaure kuɗi,
rubutu na hawa sama a hankali
kamar tururuwa a ginshiƙin rumfa.
Karanta kawai, in ji ta.

Na karanta. Muka kalla.
Ga wani dattijo da hulata da gemuna,
idonsa na kai-komo, hagu, dama, hagu,
kamar mai son tsallaka titi a Oshodi.
Iya Morufu mai lemo ta leƙo,
ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Hindatu ta matse layukan, kalma uku-uku,
ta ƙara wa baƙaƙen ƙiba,
ta ja bencina baya taku huɗu.
Ido ya zauna. Saura harshe.

Don ita ta rubuta:
muna farin cikin gabatar muku da hajarmu mai inganci.
Ni tun da na san hannun damana
ban taɓa gabatar da goro ba,
miƙa shi nake yi.
Na ce goge.
Rubuta: ga marsa fari tas, jiya aka sauke daga Shagamu.
Rubuta: fasa ka ji ƙara.
Nan kuma bar mini fili in tauna.
Ta bar layi biyu babu komai.

Rubutun ya sheƙa, na bi shi ina haki.
Ta rage, ya koma hawainiya,
na tsaya jiransa baki buɗe.
Sai a karo na tara muka jera kafaɗa
kamar maƙwabta biyu a hanyar masallaci.

Ta ce, ɗauka akwai mutum a bayan idon.
Na zaunar da marigayi Alhaji Barmo a can,
wanda ya fara ba ni huhu bashi,
mai ɗaga gira ɗaya in ya ji ƙarya.
Shi na yi wa bayani.
Ban ƙara ko kwabo a kan gaskiya ba.

Muna tsaka sai ga jirgi,
kwanon rumfa na rawa, kalmomi na hawa ba ni.
Na ɗaga hannu na ce, Alhaji, bari ya wuce,
na ɓare goro, na jira,
na ɗora daga inda nake tunawa.
Wannan Hindatu ta saki, da jirgin da komai.

Bayan kwana uku wata hajiya ta kira daga Festac,
za ta aurar da jika.
Ta ce, kai ne wanda jirgi ya katse?
Na ce ni ne.
Ta ce, nawa ƙwarya?
Na gyara zama, na ce, Hajiya, taya.
Daga nan kuma ba na neman rubutu.