Tabarma Ɗaya, Baƙi Dubu

A shagon Tsahiru, cikin Ali Ɗan Sofo,
tsohuwar kwamfuta na nishi
kamar jakin da aka ƙara wa buhu.
Harira ta buɗe kundinta na jami'a,
ta buɗe hotuna, ta buɗe taswirar Gulbi,
ba ta rufe ko ɗaya ba.

Can ciki akwai mai rabon wurin zama,
ba shi da fuska, ba ya barci.
Yana bi shafi-shafi yana tambaya:
wa ya daɗe ba a kira sunansa ba?
Kai, tashi.
Kai kuma da tawadarka ba ta bushe ba,
bari in kwafe ka a faifai
kafin ka ba da wuri.

Yana kora, suna dawowa.
Kibiya ta ƙage a allo.
Harira ta ciji leɓe.

Da tura ta kai bango
sai ya dubi wanda ya fi kowa ƙiba,
ya sa wuƙa.
Kundin ne. Aikin tun hantsi.

Tsahiru ya ce, "Kin dai adana?"
Fanka kaɗai ke magana.